Langar da Ke Tsallaka Kwata

Tun yammacin da na ga Keturah tsaye a bakin kwatar layinmu, jaka a rataye, ta kasa tafiya tana bin yara da ido suna tsallakawa da kwanukan tuwo, jikina ya ba ni cewa alherin nan da ya same mu ba zai daɗe ba. Ban san ta inda ɓarnar za ta ɓullo ba. Fuskarta kawai na gani ta canza, kuma ni tun ina yaro nake tsoron fuskar ma'aikaci idan ta canza.

Keturah ita ce ma'aikaciyar ƙungiyar da ta kawo mana shirin kuɗin wata a unguwarmu Limawa, nan Jimeta. 'Yar Numan ce, mai fara'a, duk layin an san ta.

Ni kafinta ne, sunana Ya'u. Rumfata tana Bekaji, ƙofofi da tagogi da silin nake yi wa masu gini. Shekarar da 'yan tada ƙayar baya suka kama Mubi, mutane suka kwararo Jimeta, wasu a mota, wasu da ƙafa, aka cika makarantu da coci-coci da zaurukan mutane. Aiki ya ja baya a lokacin, amma bai tsaya ba. Sai da kuɗi ya karye, shekara biyu bayan nan, ya tsaya cak. Buhun shinkafa ya ninka, gine-gine suka tsaya a linta, ciyawa ta fito a kan tarin yashi. Aiki ɗaya ne bai yanke mini ba: akwatin gawa. Wani coci a Bekaji shi ke sa ni ina yi musu, don mutanensu da ake kawowa daga arewa. Yawancin awon da ake ba ni na samari ne. Ina fere katako ina tunanin ɗana.

Mu'tasim shi ne ɗan farinmu ni da Mairo. Ya gama difloma, ya zaga ofisoshi har takalminsa ya cinye. Ya tuƙa keken wani na ɗan lokaci, mai keken ya sayar da abinsa ya biya kuɗin haya. Daga nan sai zaman gindin darbejiya da sauran samari, a fita da safe a dawo da magariba, ba a ce wa kowa komai ba. Mairo ba ta kiran sunansa, saboda kunyar ɗan fari. "Wancan" take ce masa. Sai ta ce da ni, wancan bai ci komai ba yau, ko wancan ya fara yin shiru da yawa.

Abin da ya hana ni barci shi ne ƙanen Mairo, Bappayo, da ke Wuro Hausa. Shi ya bi mafarauta da 'yan sa-kai zuwa arewa tun farkon rikicin, kuma duk zuwan da zai yi gida sai ya biyo ta wajenmu da layu a dantse da sabuwar waya. Ba mugu ba ne, yana son yaron. Amma idan ya zauna yana ba da labarin garuruwan da suka ƙwato da ɗan alawus ɗin da suke samu, sai in ga Mu'tasim ya daina tauna. Wata rana na ji shi a zaure yana cewa, "Kawu, in wata ya kama ban samu komai ba, ka ajiye mini wuri." Na koma ciki kamar ban ji ba, na kwana ina juyi.

Kafin watan ya kama aka kira mu ƙofar Jauro, mai unguwarmu. Mutanen wata ƙungiya ne suka zo da bayani. Duk baligi, mace ko namiji, mai aiki ko marar aiki, za a riƙa tura masa kuɗi ta waya kowane wata, daidai wa daida. Ba bashi ba ne, ba a tambayar me ka yi da shi. Suka ce gwaji ne na 'yan shekaru. Idan aka ga ya yi amfani, za a faɗaɗa shi ya game gari, ya kuma ɗore. Sai dai ba kowa zai samu a gwajin ba. Dole a bar wasu ba a ba su ba, don a riƙa auna waɗanda suka samu da waɗanda ba su samu ba, a ga bambanci. Aka naɗe takardu aka zuba a hula, aka ja ƙuri'a a gaban kowa. Layinmu kwata ce ta raba shi biyu. Ɓangaren gabas ya fito, yamma bai fito ba. Gidana yana gabas.

An yi surutu ranar. Wasu suka ce sayen ƙuri'a ne, wasu suka ce babu mai ba ka kuɗi haka kawai sai yana son wani abu a jikinka. Eugene mai shagon kayan masarufi, wanda yake yamma da taku kaɗan, ya ce shi yau zai jawo gadonsa ya tsallaka kwata, matarsa Goretti ta ci gaba da riƙe masa yamma. Aka yi dariya, amma na ga waɗanda ba su yi ba.

Kuɗin ba mai yawa ba ne. Ba zai sa ka sayi fili ba. Amma ka san yana zuwa, kuma wannan sanin shi ne komai. Ranar da alat ya fara shigowa, wayoyi uku suka yi ƙara a gidana kusan tare, Mairo ta ajiye muciya ta zauna a kan turmi. Ni na fara cewa a'a idan aka kawo awon akwati. Mu'tasim kuwa ya tafi wurin wani mai haɗa sola a bakin babbar kasuwa ya roƙi a ɗauke shi koyo. Mutumin ba ya biyan masu koyo ko sisi, shi ya sa 'ya'yan talakawa ba sa iya zama da shi. Kuɗin keke da na abincin rana kaɗai ya ishe su gudu. Mu'tasim yana da nasa. Ya riƙa dawowa da ƙura a gwiwa, yana yi wa ƙannensa bayanin batir da waya ja da baƙa. Da Bappayo ya zo ya ce wuri ya samu, yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, a ba wani. Ni yanzu rufin mutane nake hawa."

Ni dai lissafina ɗaya ne tun daga ranar: muddin alat yana shigowa, ɗana yana gida.

A layinmu ana ciyayya tun kafin a haife ni. Idan an sauke tukunyar dare, kowace mace tana da gidan da take aika wa kwano, can ma a aiko mata. Ba sadaka ba ce, ba a godiya a kai. Ƙa'idarta ɗaya: kwano ba ya komawa wofi. Abokiyar ciyayyar Mairo ita ce Selina, wata bazawara daga Michika da ta iso Jimeta da 'ya'ya uku, mijinta bai iso ba. Ɗaki ɗaya ta kama a yamma, daidai ƙofarmu, tana wankau tana sayar da gyaɗa. Wata shuɗiyar langa ce ke yawo tsakaninsu, mai murfi da ya ɓantare a gefe. Har an manta ta wace ce.

A shekarun wahala abin da ke cikin langar bai wuce tuwon masara da miyar kuka tsurarta ba, ko gwaten da ake ganin gindin kwano ta cikinsa. Da kuɗi ya fara shigowa, sai kifi ya shiga miya, wani lokaci nama. Mairo ba ta zauna ta yi shawarar ƙara wa Selina ba. Abin da ta dafa shi take zubawa. Haka kowane gida a gabas. Da magariba sai ka ga kwanuka suna tsallaka kwata ta kowace ƙofa. Cinikin Eugene ma ya tashi, har ya ɗauki saurayi ɗaya daga yamma yana taya shi.

Keturah da abokan aikinta sukan zo bayan 'yan watanni, gabas da yamma, su ɗora yara a sikeli, su naɗa musu wani ɗan tef mai launi a dantse, su tambayi sau nawa aka ɗora tukunya jiya. A zuwansu na shekara ta biyu ne na gan ta tsaye a bakin kwata. Na ce ta shigo ta sha kunun gyaɗa. Ta shigo, ta zauna a tabarma kusa da Mairo, ta riƙe kofin har ya huce.

Ta fara da cewa aikinta bai ba ta damar gaya wa kowa yadda zai yi da kuɗinsa ba, kuma ba shi ta zo yi ba. Sannan ta ce yaran yamma suna ƙara nauyi kusan daidai da na gabas. Waɗanda za su yanke hukunci suna nesa, ba su taɓa ganin Limawa ba. Awo biyu za a ajiye musu, na waɗanda aka ba da na waɗanda ba a ba ba. Idan suka ga biyun sun yi kusa, za su ce kuɗin bai canza komai ba.

"To ai aiki ya yi ke nan," in ji Mairo. "An ba gida ɗaya, gida biyu sun ƙoshi."

"Dada, ni na sani," Keturah ta ce wa Mairo. "Da idona nake gani. Zan rubuta musu, na ma fara. Ban dai san ko suna karanta irin wannan ba."

Na tambaye ta saura yaushe awon ƙarshe. Ta ce bayan damina. Ta tashi ta tafi ba ta sha kunun ba.

Daga ranar hankalina bai sake kwanciya ba. Na yi wa wasu magidanta maganar bayan sallar la'asar, a ƙofar masallaci. Wasu suka ce Allah ne mai ciyarwa, a bar mata da kwanukansu. Wasu suka yarda da ni cewa a ɗan dakata, 'yan watanni ne kawai, idan shirin ya ɗore ai har mutanen yamma za su shiga, kowa ya huta. Da wannan hujjar na je wa Mairo. Na ce mata ba rowa ba ce, dabara ce, kuma amfanin Selina ne a gaba. Ta saurare ni har na gama tana tsince shinkafa. Ta ce in haka ne in je in gaya wa Selina da bakina. Na ce ba sai an gaya mata ba, za ta gane. Na ce mata ta tuna da wancan, ta tuna da Bappayo. Da na faɗi haka sai hannunta ya tsaya a cikin faranti.

Washegari ta yi tuwon shinkafa da miyar yakuwa da kifi. Ta zuba wa kowa, ta rufe tukunya, ba ta aika komai ba. Langar tana wajen Selina tun jiya. Muka yi magariba, muka zauna a tsakar gida.

Sai ga sallama. Selina ce da kanta, langa a hannu, ta naɗe ta da tsumma saboda zafi. Ta ce ta ga har an yi sallah yara ba su leƙo ba, ta ce lallai Mairo ba shi da lafiya, haka Hausarta take, shi ne ta yi mata ɗan faten tsaki mai yaji, yana buɗe baki. Ta taɓa goshin Mairo da bayan hannu. Mairo ta ce lafiyarta lau, gajiya ce. Selina ta ce to a rage aiki, ta gaishe ni, ta ajiye langar a bakin murhu ta fita.

Mairo ta juye faten a kwano, ta wanke langar, ta goge ta da gefen zaninta. Ta tsaya riƙe da ita a tsakiyar gida tana kallona.

A haka Mu'tasim ya shigo daga aiki. Ya dubi uwarsa, ya dubi tukunyar da ke rufe, ya dube ni. Maganar ta riga ta zaga layi, ya san komai. Ya ajiye jakar kayan aikinsa ya ce, da 'yar dariya, "Baaba, wato sai 'ya'yan Goggo Selina sun rame sannan za a yarda ina cin abinci?"

Na ce masa ba abin dariya ba ne. Ban taɓa yi masa maganar a fili ba sai ranar. Na ce saboda shi nake yi, domin na san idan kuɗin nan ya tsaya kawunsa zai bi, kuma ni na san tsawon akwatunan da na yi.

"Ban ce zan bi shi ba," ya ce.

"Ba ka ce ba za ka bi shi ba."

Ya juya wajen murhu. Sannan ya karɓi langar daga hannun uwarsa, ya buɗe tukunya, ya zuba tuwo, ya zuba miya, ya tsamo tsakiyar kifin ya ɗora a kai. Ya rufe da murfin nan mai ɓantare ya fita. Ina jin ƙarar takalminsa a kan katakon da na shimfiɗa a kan kwata da hannuna. Ban kira shi ba. Mairo ta koma ta zauna a kan turmi, ta rufe fuska da mayafi.

Sauran gidajen ma haka aka yi. Babu wanda ya iya riƙe kwanonsa ya kai mako. Wani matarsa ta ƙi, wani uwarsa ta ce ba a gidanta ba, wani kuma shi da kansa ya kasa haɗa ido da maƙwabcinsa a sahu.

An yi awon ƙarshe bayan damina. Da rani aka sake kiran mu ƙofar Jauro. Wani mutum da ba mu sani ba ya yi godiya mai tsawo, ya ce an ga amfani, amma bambancin bai kai yadda masu ba da kuɗin suke nema ba, kuma akwai wasu wuraren da bukata ta fi tsanani. Za a biya wata biyu nan gaba a rufe. Keturah tana gefensa tana kallon ƙasa. Da aka watse na tare ta na tambaye ta ko kwanukan ne. Ta ce ta rubuta musu shafi guda a kan ciyayya, an ce mata abin sha'awa ne. Ta ce ta kuma ji cewa kuɗin masu bayarwar ne ya ragu tun kafin a gama awo. Wanne ne a ciki, ita ma ba a gaya mata ba.

Bayan alat na ƙarshe, Mu'tasim ya ci gaba da zuwa wurin koyo da ƙafa. Ya rage saura kaɗan a yaye shi. Sai shekarar annobar nan ta zo aka hana fita, aka rufe kasuwa, maigidansa ya sallami masu koyo ya ce sai abin da hali ya yi. Da aka buɗe, mutumin ya koma garinsu. Yaron ya iya aikin, amma ba shi da kayan aiki, ba shi da takardar yaye, ba wanda zai ba shi rufinsa. Na sayar da injin fere katakona don in saya masa, kuɗin ya tafi a asibitin ƙanwarsa Kausar. Ni kuma na koma karɓar awon akwati. Mu'tasim ya koma gindin darbejiya.

Bappayo ya zo da babbar sallah. Bai ma yi maganar ba, na lura da shi, har kauce wa yaron yake yi. Mu'tasim ne ya same shi.

Da safe bayan an karya ya durƙusa a gabanmu ya ce zai tafi, wata shida kawai, ya tara abin sayen kayan aiki ya dawo. Na faɗi duk abin da uba zai faɗa. Na yi faɗa, na yi lallashi, har na ce ban yafe ba, sannan na janye, don ban so ya hau hanya da wannan a kansa. Ya ce, "Baaba, na gaji da a zuba mini tuwo ina kallon ƙasa." Mairo ta tashi ta shiga ɗaki.

Selina ta ji, ta tsallako ko ɗankwali ba ta ɗaura daidai ba. Ta ce masa ita da ƙafa ta fito daga can, ta bar mijinta a hanya ba ta binne shi ba, shi kuma zai ɗauki ƙafarsa ya koma? Ya ce Goggo ai yanzu da sauƙi. Ta dube shi ta ga ba zai juyu ba. Ta koma gida, ta dawo da langar cike da soyayyar gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ta ɗaure ta da tsumma ta cusa masa a jaka.

"Ka san doka," ta ce. "Ba ya dawowa wofi."

Ya yi dariya ya ce zai ciko mata ita da zumar dutse. Na raka su har inda ake hawa mota. Na tsaya har motar ta hau gada ta nufi hanyar Girei.

Watanni huɗu yana kira. Daga Gulak yake kira, wani lokaci daga wani ƙauye da ban riƙe sunansa ba. Ya ce har ya gyara musu solar sansani, ana ce masa injiniya. Daga nan wayar ta daina shiga.

Bappayo ya dawo da rauni a cinya, yana dogara sanda. Ya zauna a zaurena ya yi kuka kamar yaro. Ya ce motoci biyu suka fita rakiyar 'yan kasuwa, shi yana ta gaba, Mu'tasim yana ta baya. Aka buɗe musu wuta a wata kwana, tasu ta wuce, ta bayan ta saki hanya ta shiga daji. Da aka koma washegari an samu motar, an samu gawar mutum biyu a ciki, babu Mu'tasim a cikinsu. Ba jini a inda yake zaune, ba jakarsa.

Na je Mubi, na je Gulak. Na duba asibitoci, na tambayi duk wanda aka ce in tambaya. Duk lokacin da aka ce an kuɓutar da wasu, ko wasu sun fito da kansu, sai in bar rumfa in tafi in tsaya ina duba fuskoki. Wani ya ce ya ga mai kama da shi a tsallaken iyaka yana haɗa wa mutane wuta. Wani ya ce ba shi ba ne.

Yanzu man fetur ya sake tashi, komai ya sake ninkawa, kuma ina ji a rediyo ana ta muhawara a kan a riƙa ba kowane ɗan ƙasa wani abu duk wata. Masu cewa zai sa mutane lalaci suna faɗa, masu cewa zai hana yunwa suna faɗa. Idan aka fara sai in rage murya, don Mairo tana jin komai daga madafa. Ita da Selina suna nan suna ciyayyarsu, da wani kwanon roba ja. Ba wadda ta ce a sayi sabuwar langa. Mairo ta fara kiran sunansa yanzu, a kan sallaya, a hankali, cikakke, Mu'tasim.

Ban san ko da mun riƙe kwanukan nan shirin zai ɗore ba. Ban san ko da ya ɗore yaron zai zauna har ƙarshe ba. Kuma har yau ba mu san ko yana raye ba.